Sunan da Ke Bangon Littafi

Ranar da takardar ta zo, ni na karɓe ta a hannun masinjan jami'a, har na ba shi ruwan sanyi don na zaci albishir ya kawo. Malama, matar ƙanena, tana zaune a teburin cin abinci, wanda a gidanmu ba a cin komai a kansa sai an ture takardu gefe. Ta farke ambulan da tsinin fensir, ta karanta, ta sake karantawa, sai ta yi dariya. Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan firamare, na san dariyar da ba ta daɗi ba ce.

"Yaya," ta ce, "wai sata na yi."

"Me kika sata?"

"Littafin mijina."

Ta yi min bayani dalla-dalla. Kundin digirinta na uku, wanda ta shekara bakwai tana fama da shi, sai an saka shi a wata manhaja mai gano satar rubutu kafin a sa mata ranar kare shi. Manhajar ta bankaɗo cewa fiye da rabin kundin, kalma da kalma, yana cikin littafin Farfesa da ya fito shekara biyu da suka wuce. Kwamitin ladabtarwa zai zauna nan da kwana goma. In aka same ta da laifi za a soke rajistarta, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe, babu sauran ƙarin lokaci.

Farfesan nan ƙanena ne, ciki ɗaya. A waje jagoran masana ne, in ya shiga taro har masu furfura miƙewa suke yi. A wurina Auta ne, wanda na koya wa riƙe fensir yana kuka yana sharar majina. Littafinsa mai koren bango, a kan yadda manyan malaman jami'a ya kamata su raini na ƙasa da su, shi ya ɗaga shi. Kuma a gabana aka rubuta littafin, don haka bari in faɗa muku yadda ake rubuta littafi a gidanmu.

Da safe in an gama shan shayi, Auta zai miƙe a doguwar kujera, ya rufe ido, ya ɗora hannuwa a kan tumbinsa. Can sai ya ce, "Malama, akwai wani tunani da ke yawo a kaina game da amana tsakanin malami da ɗalibi. Ki duba mana shi." Daga nan ya ɗauki jaka ya tafi taro. Ita kuwa Malama, wadda ta bi tsofaffin malaman jami'a arba'in da ɗaya har gidajensu ta yi hira da su saboda kundinta, sai ta dawo daga aikinta na ɗakin karatu ta zauna ta rubuta shafi goma. Da la'asar ya karanta da biro a hannu, ya soke "amma" ya sa "sai dai", ya yi ajiyar zuciya kamar wanda ya wuni yana faskare. A shafin godiya ya gode wa shugaban jami'a, ya gode wa malamansa da suka rasu, ya gode wa direbansa, a layin ƙarshe ya ce, "da iyalina, saboda haƙuri."

Malama ba ta iya tunani a kan kwamfuta, sai da fensir a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ni kuma da na yi ritaya, abokan aikina don tsiya sai suka haɗa min kyautar kwali biyu na irin waɗannan littattafan, saboda an san ni da hali ɗaya: littafi ba ya barin hannuna sai na rubuta sunan mai shi da kwanan wata a bango da jan biro. Ko shugaban makaranta ne ya karɓa, sai na rubuta. To duk lokacin da Malama ta cika ɗaya ta zo karɓar wani, sai in ce, "Suna da kwanan wata," in rubuta, in sa lamba. Tana dariya tana cewa ta girma da wannan, ina cewa ba wanda ya girma da sunansa. Waɗanda ta cika, Auta ya ce a ƙone su, ɓeraye suke tarawa. Na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin gadona. Ba hangen nesa na yi ba, hannuna ne kawai ba ya iya ƙona littafi.

Da Auta ya dawo da rana ya riga ya ji labari, don shi ma ɗan kwamitin ne, an ce ya janye daga wannan zaman. Ya cire takalmi, ya nemi ruwa, ya zauna da fuskar nan tasa ta jawabi.

"Abin bai kai haka ba," ya ce. "Na'ura ce, ba ta da hankali."

"To kai mai hankalin, je ka faɗa musu," in ji Malama.

"In faɗa musu me?"

"Cewa ni na rubuta."

Ya juya ya dube ni, wai ko zan sa baki. Na ci gaba da tsefe zaren da ke hannuna.

"Malama, gida ɗaya muke. Abin da ke nawa naki ne, abin da ke naki nawa ne. Tunanin ai tare muka yi shi. Kuma ki duba lokacin. Nan da kwana goma sha biyu za a naɗa ni shugaban ƙungiyar masana. In wannan maganar ta fita, ba ni kaɗai zan faɗi ba, ɗalibai nawa ne suka dogara da littafin nan? Ki karɓa a matsayin kuskure, ki ce kin manta ba ki ambaci madogara ba. Za su yi miki faɗa, a wuce wurin."

"Za su soke ni."

"In sun soke, ki sake rajista. Ni zan tsaya miki."

"Wata shekara bakwai ke nan."

"Ilimi ba ya tsufa," ya ce, ya tashi ya shiga wanka.

Kwanakin da suka biyo baya kowace rana da nata salon. Ranar farko shugaban ɗakin karatu ya ɗauke Malama daga teburin taimaka wa masu bincike, ya mayar da ita sito, inda ake tara tsofaffin jaridu, wai har ƙura ta lafa. Ta dawo gida da ƙura a gashin ido. Rana ta uku ta je wurin malamin da ke duba kundinta, wanda ya san kowane babi tun yana fensir. Sakatariyarsa ta ce ya fita, alhali ga takalmansa a bakin darduma. Tsohon ɗalibin Auta ne, kuma takardun ƙarin girmansa suna kan teburin Auta. Rana ta huɗu 'yarsu, Ƙarama, ta dawo daga makaranta ta wurgar da jaka, ta ce wata 'yar ajinsu ta tambaye ta ko gaskiya ne mamanta ta kwafe littafin babanta. Malama ta ce, "Me kika ce mata?" Ta ce, "Na ce mata Baba ko firinta bai iya kunnawa ba." Na yi dariya har na ƙware. Malama ba ta yi ba, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Rana ta biyar almajiran Farfesa na jami'a suka zo, su shida, wai sun zo jaje. Suka cika falo, aka kawo shayi. Malama ce ta kawo, ta ajiye ta fita, babu wanda ya ɗaga kai ya amsa gaisuwarta. Ina ɗakina, ƙofa a buɗe, ina jin komai.

"Farfesa, sai haƙuri," in ji wani mai ƙaton agogo. "Wanda ya zauna kusa da kogin ilimi irinka, dole ya ɗiba bai sani ba."

"Ai mata sai a hankali," wani ya ƙara.

Na kasa kunne in ji abin da ɗan'uwana zai ce. Ya gyara zama, kamar yadda yake yi kafin ya faɗi magana mai nauyi.

"Ban riƙe ta a zuciya ba," ya ce. "Jagora yafewa yake yi."

Suka yi ta jinjina kai, ɗaya har ya ciro waya ya rubuta maganar don kar ya manta. A ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ba tasa kaɗai ba, har da tawa. Ranar da aka ƙaddamar da littafin nan ina sahun gaba da sabon ɗinki, ina ta gyara zama ana cewa ga yayar Farfesa. Na san wadda ta rubuta, ina ganinta a can baya tana raba ruwa, ban ce uffan ba. Daɗin sunan gidanmu ya rufe min baki.

Washegari da safe, bayan shayi, Auta ya miƙe a doguwar kujera ya rufe ido, ya ɗora hannuwa a tumbi. Na zaci mantuwa ce ta sabo. Ashe da gaske yake.

"Malama, jawabin nan na ranar naɗi. Akwai wani tunani da ke yawo a kaina game da amanar ilimi. Kamar na minti arba'in. Ki duba mana shi."

Malama tana shafa man shanu a burodin Ƙarama. Ta gama shafawa tsaf, ta rufe gwangwanin.

"Ayya, Farfesa," ta ce da murya mai laushi. "Ai ba zan iya ba. Jami'a ta rubuto min cewa hannuna na sata ne. Ba zan so in cusa maka kayan sata a jawabi ba, kai da za a naɗa."

Ya buɗe ido ɗaya.

"Wasa kike yi."

"Da kwamitin ladabtarwa? Ni wa?"

Ta ɗauki jakarta ta tafi sitonta. Ni kuwa na ƙara wa kaina shayi, don na ga alamar wunin zai yi daɗi.

Kwana uku Auta yana rubuta jawabi. Ya sa aka share teburin, ya sa aka kashe rediyo, ya hana Ƙarama tauna cingam. Ya buɗe kwamfuta, ta nemi lambar sirri, bai sani ba. Ya kira Malama a waya, ta ce ranar da ta fara rajistar digirinta ce lambar. Ya yi ta zagaye falo yana lissafi da yatsu, a ƙarshe ya rufe kwamfutar ya ce hasken yana damun idonsa. Ya ɗauko fararen takardu. Da azahar na leƙa, ya rubuta, "Ya ku masana masu girma." Da la'asar na sake leƙawa, ya soke "masu girma" ya sa "masu daraja". Kwana na biyu ya gano cewa kujerar ce matsala, aka canja kujera. Kwana na uku ya ƙwanƙwasa min ƙofa, abin da rabonsa da yi tun yana jami'a yana neman kuɗin mota.

"Yaya, ki yi mata magana. Tana jin maganarki."

"Zauna, Auta."

"Na ce ki daina kirana haka."

"Babu baƙi. Zauna."

Ya zauna a bakin gado, daidai saman inda buhun da bai san da shi ba yake. Ya fara jero min dalilai. Shi ya biya mata makaranta. Shi ya haɗa ta da tsofaffin malaman da ta yi hira da su. In da sunanta ne a bangon, wa zai karanta? Sunansa ne ya kai tunaninta duniya, ya kamata ma ta gode. Kuma haka ake yi ko'ina, shi ma ya rubuta wa malaminsa babi biyu bai ga sunansa ba.

"Ka ji daɗi a lokacin?" na tambaye shi.

"Ba maganar daɗi ba ce, tarbiyya ce."

"Na tuna ka zo gida ka ƙi cin abinci kwana biyu."

Ya ɗaga kai ya kalli silin. Na buɗe kwali na ciro sabon littafin rubutu, na ɗauki jan birona, na rubuta sunansa na yanka a bango, da kwanan wata, da lamba ɗaya. Na haɗa masa da fensir.

"Ungo. Abin da ka rubuta a ciki naka ne, ba mai ƙwace maka."

Ya karɓa don bai san yadda zai ƙi ba. Yana fita na kira Malama, wadda ta dawo daga aiki tana wanke ƙurar jarida a famfo. Na ja buhun daga ƙarƙashin gado, na kwance bakinsa. Littattafai talatin da takwas, kowanne da sunanta da kwanan wata da jan biro. Ta durƙusa ta ɗauki na ɗaya, ta buɗe, ta ga rubutunta na shekara bakwai baya. Nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun ranar takarda.

"Na zaci an ƙone su, Yaya."

"Ni ma an zaci na yi ritaya."

Ta share ido ta yi dariya, sannan ta dube ni. "In na kai waɗannan, na tona masa asiri. Uban Ƙarama ne. Ɗan'uwanki ne."

"Ɗan'uwana ne, shi ya sa na san zai rayu," na ce. "Ke dai ki yanke. Ni 'yar dako ce, in kin ce a ɗauka in ɗauka, in kin ce a mayar in mayar."

Ta daɗe tana shafa bangon littafin da babban yatsa. Sannan ta ce a bar buhun kusa da ƙofa.

Ranar zaman kwamiti Auta ya fito da wata takarda da ya sa aka buga masa a ofis, inda Malama za ta amsa cewa ta yi kuskuren rashin ambaton madogara, tana neman afuwa. Ya miƙa mata da biro. Ta karanta, ta gyara masa waƙafi biyu don sabo, ta mayar masa ba ta sa hannu ba. Direba ya ɗora buhu a bayan mota.

"Mene ne wannan?" in ji Auta.

"Ɓerayen da ka ce a ƙone," na ce.

Muka kama hanya har muka wuce ƙofar jami'a. Nan Malama ta juyo gare shi, ba ta ɗaga murya ba.

"Farfesa, zan so a ce daga bakinka suka ji. Zan bar buhun a waje wurin Yaya. In ka shiga ka faɗa, mu koma da shi gida a ɗaure. In ba ka faɗa ba, zan kira ta."

Aka ajiye ni a benci a bakin ɗakin taro, buhu a tsakanin ƙafafuna kamar mai jiran motar ƙauye. Auta ya nemi izinin yin magana a matsayin shaida, aka ba shi. Ƙofar ba ta rufuwa da kyau, ina jin muryarsa tana hawa tana sauka. Ya yi minti ashirin yana bayani a kan yadda tunani ke yawo a cikin gida, yadda ba a iya sanin inda na miji ya tsaya na mata ya fara. Bai ce ta yi sata ba, bai ce ba ta yi ba. Sai na ji ƙofa ta buɗe.

"Yaya, shigo da shi," in ji Malama.

Shugabar kwamitin wata tsohuwar farfesa ce, siririya, gilashinta a ƙarshen hanci. Ta sa aka juye buhun a kan tebur. Ta ɗauki littafi na tara, ta buɗe koren littafin Auta a babi na uku, ta ɗora yatsa ɗaya nan, ɗaya can, tana bi layi-layi. Sauran 'yan kwamitin suka sami abin kallo a cikin kofunan shayinsu.

"Wa ya rubuta waɗannan kwanakin watan?" ta tambaya.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Malamar firamare ce, mai ritaya."

"Kowane littafi haka kike yi masa?"

"Ko na shugaban makaranta ne."

"Da a ce haka muke yi a nan," ta ce, "da na huta da rabin aikina." Ta juya ga Auta. "Farfesa, wannan babin an rubuta shi da fensir shekara uku kafin littafinka ya fito. Cikin babi takwas ɗin nan, wanne ne babu a buhun? Nuna min shi in karanta."

Auta ya buɗe littafinsa, ya yi ta juya shafuka gaba da baya. Na ga gumi a bayan wuyansa, wurin da nake goge masa yana yaro, sai tausayinsa ya kama ni duk da haushin da nake ji. A ƙarshe ya rufe littafin.

"Shafin godiya," ya ce a hankali. "Shi na rubuta."

An wanke Malama a ranar, aka sa mata ranar kare kundi. Shi kuwa Farfesa, tun da rabin kwamitin abokansa ne, rabin kuma suna jiran sa hannunsa, sai aka ce abin na cikin gida ne. Aka ba shi shawara, ba umarni ba, cewa ya sa sunanta a bugu na biyu. Tsohuwar ta ƙi sa hannu a wannan ɓangaren, aka rubuta cewa ta ƙi, aka tashi.

Bayan kwana biyu aka naɗa shi. Ya hau mumbari da littafin rubutun da na ba shi, ya karanta shafi ɗaya da rabi, minti shida cif. Masana suka tafa har hannu ya yi zafi, suka ce ba a taɓa jawabi mai hikima irin wannan ba, gajere, ya bar wa mutane wurin tunani. Na lura tun daga ranar ya daina miƙewa a doguwar kujera da safe. Littafin rubutunsa mai lamba ɗaya har yanzu yana shafi na huɗu, amma nasa ne.

Malama ta kare kundinta, aka ba ta digiri. Ranar yaye ɗalibai muna tsaye ana ɗaukar hoto, ita da doguwar riga da hular nan mai lilo, sai ga mai ƙaton agogo da tawagarsa. Suka wuce ta, suka kama hannun Auta da hannu bibbiyu.

"Farfesa, barka. Ka yi ƙoƙari. Ba kowane namiji ne zai ilimantar da iyalinsa har haka ba. Wannan shi ne jagoranci."

Auta ya buɗe baki, ya dubi Malama, ya dube ni, sai ya ce, "Na gode." Ko da yake a wannan karon, don in yi masa adalci, ƙasa yake kallo.

Bugu na biyu ya iso gida wata uku bayan haka, kwali huɗu, za a raba a taron ƙungiyar masana. Na farke kwali na ciro ɗaya. Koren bangon nan ne, sunan Auta shi kaɗai da manyan haruffa. Na buɗe ciki ina nema, sai can a shafin godiya, bayan direba, na ga an ƙara, "da uwargidana Dakta, wadda ta taimaka ƙwarai." Da na tambaye shi, ya ce maɗaba'a ta riga ta buga bango da yawa tun farko, asara ce a zubar, sai a bugu na uku.

Ban yi masa musu ba. Da ya fita taro na share teburin cin abinci, na jawo kwalin farko, na ɗauko jan birona. Malama ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallona.

"Yaya, me za ki yi?"

"Aikina. Miƙo min su ɗaya-ɗaya."

Ta jawo kujera ta zauna. Tana miƙowa, ina rubuta sunanta cikakke, da na mahaifinta, a saman na Auta, da hannun nan nawa da ya koya wa yara dubu rubutu. Muna cikin kwali na uku Auta ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ya dubi tarin littattafan da aka jera tawada na bushewa.

"Yaya, kina ɓata littattafai."

"Suna da kwanan wata, Auta. Ka san dokata."

Ya matso ya ɗauki ɗaya, ya karanta sunan, ya kai idonsa ƙasa inda na sa kwanan watan.

"Ai ko kwanan watan ba daidai ba ne," ya ce. "Wannan shekara bakwai baya ke nan da wani abu."

"Daidai yake," in ji Malama, tana miƙo min na gaba. "Ranar da na karɓi littafi na ɗaya ce."